Baba Aƙilu Mai Sito da Kwamfutocin Makaranta

Duk wanda ya zauna da Baba Aƙilu a ƙofar gidansa da ke Gozaki, a shekarunsa na ƙarshe, ya san shi da wani hali. Mutum ne mai hira, mai dariya har jan goron haƙoransa ya bayyana. Amma da mai keke ya wuce ya kaɗa ƙararrawa, ko 'yan firamare suka buga tasu ta tashi, sai magana ta tsinke masa a baki. Ya dubi ƙasa, ya yi shiru, sai sautin ya mutu sannan ya ɗago ya ce, "Ina muka tsaya?" Baƙo kan ɗauka tsufa ne. Mu kuwa mun san dalili, domin shi da bakinsa ya ba mu labarin, ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa rage wa kansa laifi ko kaɗan ba. Ku gyara zama in ba ku yadda na ji.

Aƙilu ɗan manoma ne, ya yi elementare ya tsaya a aji huɗu. Wannan ɗan bokon ne ya yi masa rana a shekarar 1975, lokacin da gwamnati ta kawo babban aikin noman nan yankin Funtuwa, aka shiga neman masu iya karanta lamba a jikin buhu. Aka ɗauke shi aikin sito. A can ya koyi abin da ya zama sana'arsa har abada: yadda ake jera buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango, yadda mutum zai cusa hannu cikin masara ya san ko ta bushe, ya ciji ƙwaya ɗaya ya ji ƙararta. A can kuma ya koyi aiki da bom.

Kada ku tsorata, ba na yaƙi ba. Wata ƙwayar magani ce mai launin toka, ba ta fi babban maɓallin riga ba, tana zuwa a gwangwani rufaffe. Manoma ne suka laƙaba mata wannan suna. Akan ajiye ta a tsakanin buhuna, a toshe ƙofa da taga da duk wata kafa, a bar ɗakin kwana bakwai. Sai ta narke ta zama iska mai warin tafarnuwa, ta bi ko'ina ta kashe ƙwari da ɓeraye har da ƙwansu da 'ya'yansu. Idan aka buɗe, ɗan garin toka kawai za a tarar. Shugaban siton, wani dattijo Bazazzage mai suna Malam Buba, yana da kalma ɗaya da yakan faɗa kafin a rufe: "A fitar da agogon bango, a fitar da rediyo, a fitar da duwatsun sikeli na tagulla." Shekara biyar Aƙilu yana fitar da su. Bai taɓa tambayar dalili ba. Shi a zatonsa don kada a rasa abin duba lokaci da abin awo ne har mako guda.

Da aikin ya yi sanyi, sai ya samu wuri a wata makarantar kwana ta maza, ta gwamnati, a kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi. Ba sai na faɗi sunanta ba. Aka ba shi siton abinci da tarin makullai. A wasu makarantun yara kan tsince ƙwari daga cikin wake su jera a bakin kwano kafin su ci. A wannan kuwa, tun da Aƙilu ya karɓi sito ba a ƙara ganin ƙwaro ɗaya ba. Har daga Bakori da Ɗanja manoma kan zo su tambaye shi yadda za su adana amfaninsu. Idan ana yabonsa cewa ake yi, "Abu ba ya lalacewa a hannun Aƙilu." Ku riƙe wannan magana, ita ce ta ɗaure masa harshe daga baya.

A cikin malaman makarantar akwai mai koyar da lissafi, Hyacinth, wanda kowa ke kira Malam Hayasin. Ibo ne, amma a Funtuwa aka yanke masa cibiya. An tafi da shi kudu yana ƙarami lokacin rikici, aka dawo da shi bayan yaƙin basasa, Hausarsa ba ta ko girgiza ba. Mahaifiyarsa, Madam Gertrude, tana da shago kusa da tasha, tana sayar da batir da ƙwan fitila da kayan gyaran rediyo. Kullum aka fita tara, Malam Hayasin sai ya biyo ta sito.

"Baba Sito, yau ma ba a samu ƙwaro ɗaya da za mu sa wa suna ba?"

"Ɗan Madam, ƙwaron da ke shigo min sito kai kaɗai ne. Ga gyaɗa can, ɗebi ka ba ni wuri."

Haka suke, kamar ɗa da uba.

Shekara guda bayan an yanke mana jihar Katsina, takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi cewa makarantar tana cikin 'yan kaɗan da za a gwada koyar da kwamfuta a cikinsu. Za a kawo guda biyu. Bayan wata shida masu duba aiki za su zo su auna: in abu ya yi kyau a ƙaro goma, makarantun kewaye su riƙa turo yaransu, in bai yi ba a kwashe a kai wani wuri. Shugaban makarantar, Alhaji Lawal, ya kafa kwamiti. Ya sa Malam Hayasin, domin shi aka tura kwas Zariya na mako shida. Ya sa Aƙilu, domin duk abin da ke da ƙofa da kwaɗo a makarantar nan nasa ne.

Baba Aƙilu yakan ce bai taɓa ganin an yi wa amarya shirin da aka yi wa na'urorin nan ba. Zama bakwai kwamiti ya yi. Aka zaɓi ɗakin da ke ƙarshen ginin ofis, aka sa masa silin, aka sa wa tagogi ƙarfe. Kafinta ya zo daga Bakori ya ƙera tebur dogo. Aka ware janaretan makaranta awa uku kullum. Babbar matsalar ita ce lissafin yara: na'ura biyu, 'yan aji huɗu su ɗari da ashirin. Malam Hayasin ya zauna da rula da jan biro ya raba su shida-shida, kowane rukuni minti ashirin, ya kafa jadawalin a ƙofa. Ya buɗe wani littafi yana rubuta abin da kowane yaro ya iya a kowane mako, domin ranar da masu duba aiki za su zo kada a ce da baki kawai ake faɗa.

Na'urorin suka iso da zafin bazara, cikin kwalaye. Ranar da aka fara kunna su, bayan yara sun watse, Malam Hayasin ya leƙo sito.

"Baba, zo ka gaisa da baƙinka."

Aƙilu ya cire takalmi a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ya cire. Ya tarar da abu kamar ƙaramar talabijin, fuskarta baƙa. Malam Hayasin ya danna maɓallai, sai ga sunan Aƙilu ya fito da korayen haruffa. A gaban sunan akwai wani ɗan ɗigo, shi ma kore, yana ƙiftawa, yana ɓacewa yana dawowa.

"Wannan fa, me yake yi?"

"Jira yake."

"Jiran wa?"

"Jiranka, Baba. Ba ta yin komai sai an faɗa mata. In ka shekara ba ka ce komai ba, haka za ta shekara tana jiranka."

Aƙilu ya yi dariya ya ce, to lallai ta fi matarsa Sakinatu haƙuri.

Zango guda aka yi ana karatu. Yaran da ko rediyo ba su taɓa murɗawa ba suka iya sa na'ura ta yi musu lissafi. Littafin Malam Hayasin ya kusa cika. Ana saura kwana biyu a tafi hutun damina, sai ga shi a sito fuska ba walwala, riƙe da wata waya da aka gwagwiye.

"Baba, ɓera. Ga kashinsa har kan tebur. Wannan wayar zan samo wata a shagon Mama, amma in ya shiga cikin na'urar fa? Masu duba aiki suna tafe da an dawo hutu. Don Allah ka tsare min ɗakin nan."

"Shi ke nan damuwar? Tafi hutunka, ɗan Madam. Ɓera ai abokin faɗana ne tun kana makaranta."

Yara suka watse, malamai suka watse. Aƙilu ya yi abin da ya fi kowa iyawa a duk yankin. Ya dama sitaci ya manne tagogi da tsofaffin jaridu. Ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma da laka. Ɗaki irin wannan ƙwaya goma ta ishe shi, amma ya duba darajar abin da ke ciki ya ga ai ba masara ba ce, sai ya sa talatin. Har ya ɗaga zanen da aka lulluɓe na'urorin ya tura bibbiyu ƙarƙashi, a kan murfin gwangwanin madara. Ƙararrawar makaranta, ta tagulla mai mariƙin katako, an ba shi ajiyarta, sai ya ga babu ɗakin da ya fi wannan tsaro, ya ɗora ta a kan teburin. Ya rufe.

Bayan kwana bakwai ya buɗe ya kwashe matattun ɓeraye huɗu, ransa fes. Ya sake sa wata talatin. Da ta ƙare ya ƙara ta uku, wai don a gama da jikokinsu. Ruwa kuwa a shekarar kamar da bakin ƙwarya, ɗakin a rufe, laima ta cika shi. Bai gaya wa kowa ba. Me zai faɗa? Aikinsa ne na kullum.

Saura kwana biyar a dawo ya buɗe tagogi, ya ɓamɓare jaridu, ya share toka, ya goge tebur. Da ya ɗauki ƙararrawa sai ya ga ta yi baƙi ƙirin, da tabo-tabo kore kamar tuwon da ya kwana uku. Ya ce laimar damina ce. Ya jiƙa tsamiya, ya haɗa da toka, ya zauna a inuwar sito tun hantsi har azahar yana dirza. Ta yi haske, sai dai ƙananan ramuka sun zauna a jikinta, kuma da ya kaɗa sai ya ji kamar muryarta ta ɗan dushe.

Janareta an kai shi gyara Funtuwa cikin hutu, ba a dawo da shi ba sai safiyar ranar da masu duba aiki suka iso, kwana uku da komawa. Don haka ba wanda ya kunna na'urorin kafin su. Su biyu ne: Alhaji Hussaini daga ma'aikata, da takardar tambayoyi a hannunsa, da wani matashin injiniya Bayarabe mai suna Tajudeen. Alhaji Hussaini ya bi takardarsa layi-layi. Akwai ɗaki na musamman? Akwai. Akwai wuta? Ga janareta na ruri. Malami ya yi kwas? Ga takardar shaida. Ya buɗe littafin Malam Hayasin ya daɗe yana dubawa yana gyaɗa kai, har ya ce duk inda suka zaga ba su ga irinsa ba. Yara goma sha biyu suna tsaye cikin fararen kaya, suna jiran su nuna abin da suka iya.

"To Malam, bismilla."

Malam Hayasin ya yaye zane ya danna. Shiru. Ya duba waya, ya sake dannawa. Ya koma ta biyun. Fuskokin nan biyu suka tsaya baƙaƙe.

Tajudeen ya ciro sukundireba ya kwance bayan ta farko. Ya leƙa, ya ja da baya, ya kwance ta biyu. Ya ce, "Oga, wannan ba kayan wata shida ba ne. Kamar ya shekara goma a cikin rijiya."

Aƙilu yana bakin ƙofa da makullansa. Da injiniya ya juyo da na'urar wajen haske don kowa ya gani, sai ya hango cikinta. Duk inda siririn jan ƙarfe yake ya yi baƙi, da tabo-tabo kore. Launin da ya yini yana dirzawa da tsamiya. Yakan ce a lokacin nan ya ji muryar Malam Buba a kunnensa, tar, kamar yana tsaye a bayansa: a fitar da agogon bango, a fitar da rediyo, a fitar da duwatsun sikeli. Shekara goma sha uku, sai ranar ya gane dalili.

Alhaji Hussaini ya cire tabarau. "Injiniya, ko dai an cire sababbi ne an cusa tsofaffi?"

"Ban ce ba, oga. Amma ban taɓa ganin sabon kaya ya yi haka ba."

"Wa ya iya buɗe su a makarantar nan?"

Idanu suka tafi wuri ɗaya, kan Malam Hayasin. Wani malami daga baya ya ce ƙasa-ƙasa, yadda kowa zai ji, "Ai gidansu ma kayan rediyo ake sayarwa."

Alhaji Hussaini ya juyo wajen Aƙilu. "Malam, makullin ɗakin nan nawa ne?"

"Biyu ne, ranka ya daɗe. Ɗaya wurina, ɗaya wurin Malam Hayasin."

"Kai da ka zauna cikin hutu, ka ga wani abu da ba daidai ba?"

Baba Aƙilu yakan ce maganar tana nan a kan harshensa, a shirye, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kuma yakan rantse ba tsoron kora ne ya hana shi ba. Abin da ya gani shi ne bakin mutane daga Bakori har Ɗanja suna cewa, kun ji mutumin da abu ba ya lalacewa a hannunsa, ya sa wa kwamfuta maganin wake.

Ya ce, "Ban gani ba, ranka ya daɗe."

A daidai nan aka buga ƙararrawar fita tara.

Aka kwashe na'urorin a bayan mota. Rahoto ya fito: makarantar ba ta cancanci ci gaba da shirin ba, kuma a binciki malamin da ke kula da kayan. Aka dakatar da Malam Hayasin, bayan wata biyu takardar sallama ta biyo. Ba a kai shi kotu ba, domin babu shaida. Ba a kuma wanke shi ba. Ranar da zai tafi ya biyo ta sito da ɗan akwatinsa, ya ajiye makulli a kan buhu.

"Baba Sito, ga amanarku. Na rasa gane abin nan, wallahi. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Kai dai na gode, ko kashin ɓera ɗaya ban gani ba a ɗakin."

Aƙilu ya ɗebo gyaɗa ya cika masa aljihu. Abin da ya iya yi ke nan.

Daga ranar ƙararrawa ta zame masa bala'i. Sau tara ake buga ta a yini, kuma siton yana kallon inda mai bugawa ke tsayawa. Kowa na jin ƙararrawa, shi kuwa dusashewar nan yake ji a ƙarƙashin sautin, wadda shi kaɗai ya san mafarinta. Idan ya wuce ta ɗakin da tsakar rana sai ya ji kamar ana ɗan gunji a ciki, irin na na'ura a kunne. Ya buɗe, ba kowa, sai dogon tebur da jadawalin shida-shida a jikin ƙofa, jan biron ya fara koɗewa. Mafi muni shi ne a salla. Da ya rufe ido a sujada sai ɗan koren ɗigon nan ya fito cikin duhun idonsa, yana ƙiftawa, yana ɓacewa yana dawowa. Ba ya cewa komai. Jira yake.

Da kaka ta yi aka kawo waken shekara, ya ɗauko gwangwanin bom, hannunsa ya ƙi buɗe murfin. Ya ajiye ya ce gobe. Goben ba ta zo ba. Kafin bazara yara suka fara jera ƙwari a bakin kwano, suna raha wai Baba Sito ya fara ba su nama.

Sakinatu ce ta tare shi wata rana da la'asar, ya tasa tuwo gaba bai taɓa ba.

"Malam, wata bakwai ke nan ina zuba ido. Ka rame, ba ka hira, yanzu kuma an ce ƙwari a sitonka. In ciwo ne mu tafi asibitin Malumfashi. In ba ciwo ba ne, ni ba baƙuwa ba ce a gidan nan."

Ya gaya mata duka. Sai ta ce:

"Yaron nan da ke kawo min batir ɗin tocila bai taɓa karɓar ko sisi ba?"

"Shi."

"To me kake jira?"

Washegari ya sami Alhaji Lawal a ofis. Shugaban ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya tura ƙofa. "Malam Aƙilu, an rufe fayil. Kai ka ba da shaida a gaban jami'an gwamnati. Yanzu ka koma ka ce ba haka ba ne? Kai za a kora, ni a ce ban san abin da ke faruwa a makarantata ba, shi kuma ba mayar da shi za a yi ba. Ka nemi gafarar Ubangiji ka yi shiru."

Aƙilu ya yi godiya ya fito. Ranar Alhamis ya tari bas ya tafi Funtuwa.

Ya tarar da Madam Gertrude a bakin shago tana korar ƙuda, ba mai saye ko ɗaya. Ta amsa gaisuwarsa, ta nuna masa benci. Malam Hayasin yana ciki a kan wata tsohuwar rediyo, ya fito da murna yana goge hannu. Aƙilu bai zauna a bencin ba. Ya durƙusa a ƙasa, dattijo da furfurarsa, ya faɗi abin da ya kawo shi tun daga sitaci da jarida har zuwa "ban gani ba."

Motoci suna ta wucewa. Can Malam Hayasin ya ce, "Ƙwaya nawa ka sa?"

"Talatin. Sau uku."

"Har ƙarƙashin zanen?"

"Har ƙarƙashi."

Ya yi wata 'yar dariya mara sauti, ya dafe goshi. "Ni na ce ka tsare min ɗakin. Wannan ban riƙe ka da shi ba, Baba. Amma kana tsaye. Kana kallona."

"Ina tsaye."

Madam Gertrude ta ce, muryarta ba ta tashi ba, "Malam, shekara goma sha takwas ina kasuwar nan tun da muka dawo. Yanzu ba mai kawo rediyo. Cewa suke a shagon Madam ana cire sabo a sa tsoho."

Aƙilu ya ce a kai shi Katsina, a kai shi gaban duk wanda ake so, zai faɗa.

"Wasiƙa huɗu na rubuta wa ma'aikata," in ji Malam Hayasin, "ba amsa. Na gaji da su. Ran Asabar zan tafi kudu, kawuna ya samo min koyarwa a can. Abin da ke cina daban ne. Yarana nakan gamu da su a tasha ranar hutu. Yaran da na kama wa yatsa na ɗora a kan maɓalli. Sai su kau da kai. In kana son ka yi wani abu, su za ka gaya wa."

"Za ka zo ka ji?"

"A'a, Baba. Amma uwata tana nan, ita ba inda za ta."

Ranar Litinin da safe, mai buga ƙararrawa ya zo ɗauka ya tarar Baba Sito ya riga shi. Da hannunsa ya buga ta. Yara ɗari shida suka yi layi, malamai suka jeru, Alhaji Lawal ya fito. Kafin a fara addu'a Aƙilu ya hau dakalin da bai taɓa hawa ba, ƙararrawar tana hannunsa. Shugaban ya dubi taron, bai hana shi ba.

Bai iya jawabi ba. Ya ɗaga ƙararrawar ya nuna musu ramukan jikinta, ya ce maganin da ya ci wannan shi ya ci kwamfutocinsu, kuma shi ya sa maganin. Ya ce ranar da aka tambaye shi ya sani, ya ɓoye. Ya ce Malam Hayasin bai ɗauki ko ƙusa ba, duk wanda ya kira shi ɓarawo a bakinsa ko a zuciyarsa, to alhakin yana wuyan Aƙilu, amma daga yau yana wuyan mai faɗa. Ya roƙe su idan sun tafi gida su faɗa a Funtuwa, su faɗa a tasha. Ya ajiye ƙararrawar a kan dakali, ya ajiye makullai a gefenta, ya sauka.

Ba a kore shi ba, shi ya nemi a sallame shi a ƙarshen zangon, ya koma Gozaki ya kama gonar gado. Magana kuwa ta bi yara har gidajensu. Sannu a hankali rediyoyi suka fara komawa shagon Madam. Yaran nan goma sha biyu da suka tsaya cikin fararen kaya suka haɗu suka rubuta wa malaminsu wasiƙa, suka kai wa mahaifiyarsa. Rahoton da ke ma'aikata dai ba wanda ya taɓa shi. Kwamfutoci goman wata makaranta aka kai wa. Ɗakin ya zama wurin tara karyayyun kujeru.

Baba Aƙilu bai ƙara taɓa gwangwanin bom ba. Ya koma adana wake irin na kakanninsa, da toka da barkono. Kowace kaka yakan zaɓi buhu guda mafi kyau, ya ɗora a bas, ya kai shagon da ke kusa da tasha. Madam Gertrude takan karɓa, ta sa a kawo masa ruwa. Idan ya sha, ya juya kofin a hannu ya juya, sai ya ce, "Madam, ana jin labarin Malam?"

Takan ce, "Yana lafiya. Yana gaishe ka."

Har ya bar duniya bai san ko gaisuwar daga can take ba, ko kuwa tsohuwar ce kawai take tausaya masa. Bai kuma taɓa samun ƙarfin tambaya ba.